Idan Mai Haƙar Ma'adini Ya Kamu da Ciwo, Wa Zai Biya Shi Diyya?

Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin manya a Zauro, Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi.

  

Jama'a, kowa ya sani idan an gama yankan shinkafa samarinmu sukan tafi ci-rani. Wasu sukan nufi Yawuri haƙar zinariya. Wasu kuma su bi ta Kamba su shiga Nijar, har Agadas da gaba. Tambayata ita ce: idan ɗanka ya dawo da kuɗi a aljihu da ciwo a ƙirji, wa zai biya shi diyya?

Bari mu fara da Arlit, wani gari a cikin hamada, arewa da Agadas. A can ake haƙar wani ma'adini da ake kira yuraniyom. Da shi ake samar da wutar lantarki a Faransa, da irinsa kuma ake ƙera makamin ƙare-dangi. Kamfanin Somair ya fara fitar da shi a 1971, kamfanin Cominak kuma a 1978, a garin Akokan da ke kusa. Kamfanin Faransa mai suna Areva, wanda yanzu ake kira Orano, shi ne ya daɗe yana uban gidansu. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta wucewa da wannan kaya ta Dosso da Gaya, nan maƙwabtanmu, zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano.

Wannan ma'adini yana fitar da wata irin guba. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta. Tana bin ƙura da iskar rami ta shiga huhu. Mutum zai yi ta harkokinsa garau. Sai bayan shekara 10 ko 20 ciwon daji ya bayyana, lokacin ya daɗe da barin aikin. To, a nan gizo ke saƙar. Yaya zai tabbatar cewa a wurin aiki ya kwaso shi?

A 2003 wasu masana daga Faransa, tare da wata ƙungiyar mutanen Arlit mai suna Aghirin'man, sun tarar ana sayar da tsofaffin ƙarafan ma'aikatar a kasuwa, da guba a jikinsu. Irin ƙarafan da talaka kan saya ya yi rufi ko kayan gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani titi a Akokan, ta sami gubar ta ninka abin da aka saba har sau 500. Ta kuma auna ruwan sha daga wuri 5, aka sami 4 sun wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ku saurari labarin wani Bafaranshe. Ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985. Ciwon dajin huhu ya kashe shi a 2009. Iyalinsa suka kai ƙara a Faransa. A 2012 kotu ta ɗora laifi a kan Areva, ta yanke diyyar Yuro 200,000. Amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Dalilinta shi ne sunan Cominak ke kan takardar ɗaukarsa aiki, ba sunan Areva ba. Suna ɗaya a kan takarda ya raba marayu da kuɗin nan. Wannan fa mai lauya ke nan. Ina ga leburan da bai ma san abin da ya dangwala wa hannu ba? An rufe Cominak a 2021, aka bar tsibin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 a bayan gari. A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe Somair.

Akwai kuma gwajin makami. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Daga nan zuwa 1966 ta yi gwaji 17 a ƙasar. Iska ta kwashi ƙurar gwajin farko ta watsa a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Mu da hazon hunturu ke zo mana daga hamada, mun san iska ba ta tsayawa a kan iyaka. Shi ya sa a Janairu 1961 gwamnatin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas. A ganina ta yi daidai.

Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya, bayan shekara 50 cur. Mutanen Aljeriya da suka samu kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Ana son shaidar cewa kana wurin a lokacin, da takardar likita. Makiyayin raƙumi a ina zai samo su?

Amurka ta riga Faransa, ta yi tata dokar a 1990. Ta yanka wa mai haƙar yuraniyom da ya kamu da ciwo Dala 100,000, wanda ƙurar gwaji ta sauka a kansa kuma Dala 50,000. An biya fiye da Dala biliyan 2 da rabi. Amma can ma sai da aka kai ruwa rana. Da yawa daga mahaƙan 'yan ƙabilar Nabaho ne, kuma auren gargajiya suka yi, babu takarda. Miji ya rasu, matarsa ta je karɓa, a ce ta kawo shaidar aure. Sai a 2000 aka gyara dokar ta amince da al'adarsu. Dokar ta ƙare a 2024, aka sabunta ta a 2025.

Mu dawo gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dalma daban, yuraniyom daban, amma hanyar ɗaya ce, wato ƙura. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana niƙawa, yara suna wasa a wurin. Babu kamfani a tsakani, don haka babu wanda za a kama a ce ya biya.

A Nijeriya akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashinsu a asusun hukumar NSITF. Daga aljihunsa zai biya, ba daga albashinka ba. Daga asusun nan ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda kamfani ya ɗauka ya nemi takarda, ya karanta sunan da ke samanta. Ya rubuta ranar da ya fara da ranar da ya bari a littafinsa. Katin asibiti kada a bar shi ya zama abin ƙunshin ƙosai, a adana shi a akwati. Kada a shigo da dutsen haƙa cikin gida, tufafin aiki kuma a wanke su nesa da yara. Wanda ya dawo daga ci-rani da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya je asibiti a Birnin Kebbi ko Argungu, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi da inda ya yi shi.

Yanzu mai tambaya sai ya ɗaga hannu.