Takardun Yamai da asalin gidajen Tasawa da Mayahi

Ga jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Tasawa, kamar yadda ya fito daga bakin mai shi.



Maganar da ta tara mu yau maganar tsofaffin takardu ce. Na san wani alhaji yana cewa a ransa: na baro rumfata a buɗe, me ya haɗa ni da takardar da gara ta ci rabinta? Ka yi haƙuri, Alhaji. Ranar da wani ya tashi ya ce gonar da kakanka ya sare dajinta aronta aka ba ku, ko ranar da sarauta ta faɗi a garinku aka ce gidanku ba ya cikin magada, a ranar nan za ka nemi wannan takarda ruwa a jallo.

Doka ce ta sa haka. A watan Maris na 1993 ƙasarmu ta kafa dokoki biyu masu nauyi. Ta farko ita ce dokar karkara, wadda ta ba mallakar gona ta gargajiya ƙarfi daidai da mallakar da aka rubuta, ta kuma kawo kwamitocin kula da filaye. Ta biyu ita ce dokar sarautun gargajiya, wadda ta 2015 ta maye gurbinta. Dokar sarautu ta 1993 da ta 2015 sun tsaya kan magana ɗaya: mai neman sarauta sai ya kasance al'ada ta ba shi haƙƙin nema. To, wa zai tabbatar da abin da al'ada ta ce? Idan dattawa suka rabu biyu, kowane ɓangare da nasa jerin kakanni, hukuma takan koma ga abin da aka rubuta. Abin da aka rubuta kuwa yawancinsa yana Yamai, a Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa.

Me ke cikin wannan gida game da mu? Akwai rahotannin rangadi na kwamandojin Faransa, waɗanda suka bi ƙauyuka bisa doki suna rubuta sunan gari, da mai gari, da rijiyoyi, da yawan gero a rumbuna. Akwai littattafan ƙidaya da na lanho. Akwai takardun da aka buɗe wa kowane sarki, inda aka sa sunan ubansa, da shekarar naɗinsa, da ra'ayin kwamanda a kansa. Akwai kuma bayanan da suke tsarawa kan tarihin kowane yanki. Kada mu manta Tasawa ce hedikwatar mulkin wannan ƙasa a farkon zamanin Nasara, kafin a mai da ita Maraɗi, saboda haka labarin Mayahi, da Kanambakashe, da Korgom, da Urafan ya sha ratsawa ta teburin kwamandan Tasawa. Wani kaso na takardun yana Dakar, inda aka kafa ma'ajiyar Afirka ta Yamma ta Faransa a 1913. Wani yana Aix-en-Provence a Faransa. Danginmu da suka ƙetara Katsina da Daura don gudun lanho da aikin tilas, sawunsu yana Kaduna.

Dukiya ce babba, amma ina so mu san irin ta. Takarda shaida ce, kuma kowane alƙali ya san shaida akan tambaye shi inda yake tsaye sa'ad da abin ya faru, da kuma wanda yake ci a hannunsa.

Ku ɗauki misalin jerin sarakuna. Tsakanin 1906 da 1909 ayarin Kyaftin Tilho ya bi ƙasar nan yana shata iyaka da Ingilishi. A cikinsu akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da fadawa da dattawa ya rubuta asalin gidajen sarauta tun daga Tafkin Cadi har Kwara, aka buga a Paris a 1911. Daga baya Yves Urvoy a 1936, da Séré de Rivières a 1965, sun ɗebi ruwa a rijiyarsa. To, amma yaushe Landeroin ya iso? Ya iso ne kimanin shekara goma bayan Sarki Mijinyawa ya baro Maraɗi saboda rikicinsa da Ƙaura Hasau ya zauna Tasawa. Wato ya tarar da gidan Katsina, zuriyar Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, a rabe, kowane reshe yana neman Nasara ya gaskata nasa zance. Wanda ke kusa da tafinta a ranar, shi aka rubuta. Wanda yake gudun hijira, ko ya ƙi zuwa gaban Bature, babu sunansa. Yau kuma jikokinsa za a ce musu: ba ku cikin littafi.

Ku ɗauki misalin Maijirgi. A watan Yuli na 1899 ayarin Voulet da Chanoine, bayan ɓarnar da suka yi a Birnin Ƙonni da Koran Kalgo, ya iso ƙasarmu. Takarda ta san cewa an harbe Kanar Klobb a Dankori ran 14 ga wata, an kashe Chanoine ran 16, an kashe Voulet ran 17. Ta san cewa a 1923, zamanin wani matashin kwamanda Robert Delavignette, an buɗe kaburburan Maijirgi aka tarar babu kowa a ciki. Binciken da Faransa ta buɗe kan lamarin an rufe shi a 1902 ba tare da an bayyana sakamakonsa ba. Turawa uku, kowane da ranarsa. Kakanninmu da aka ƙone wa garuruwa fa? Sunayensu suna bakin tsofaffi, ana faɗa wa jikoki da dare. Idan tsofaffin nan suka kau ba a rubuta ba, an kashe mutanen sau biyu.

A ƙasar Mayahi matsalar ta fi shafar gona. Garuruwa da yawa a gefen Gulbin Kaba da arewacinsa an kafa su ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka lafa, manoma suka bazu cikin daji. Shi ya sa kuke jin Gidan Wane, Gidan Wane: mutum ne ya haƙa rijiya, ya sare daji, ya ba baƙi wuri. Binciken Claude Raynaut a Sarkin Hausa da kewaye ya nuna yadda dajin ya ƙare cikin ƴan shekaru. Da ƙasa ta yi kaɗan, kyauta da aro da jingina suka fara rikiɗa a bakin mutane. Littafin ƙidaya bai rubuta iyakar gona ba, amma yakan nuna wane gida ne yake garin a shekara kaza, rahoton rangadi kuma yakan ambaci rijiya da burtali. Mun ga abin da rikicin manoma da makiyaya ya jawo a Toda a watan Oktoba na 1991, inda fiye da mutum ɗari suka rasa rayukansu. Duk abin da zai rage gardama kan burtali ba abin wasa ba ne.

Yanzu bari in juya gare mu ma'aikata. Na taɓa shiga wani ɗakin ajiya a wani ofishi, ba zan faɗi ina ba, na tarar da littattafan lanho na shekaru aru-aru jibge a ƙasa, rufi yana yoyo, gara ta yi gini a kansu. Da na fito, a bakin ƙofa aka naɗe mini ƙosai cikin takarda mai hatimin hukuma. Ba Nasara ya yi wannan ba, mu ne. Wanda aka canza wa wurin aiki yakan miƙa makullin mota da na akwatin kuɗi, ba ya miƙa lissafin takardu. Littafin haihuwa da ka bari ruwa ya ci yau, shi ne zai sa wani yaro yawon neman jujman a kotu gobe don ya zauna jarrabawa.

Abin da nake roƙo guda huɗu ne. Na farko, a ɗauki hoton duk takardun da suka shafi Tasawa da Mayahi a Yamai, a kawo kwafi nan, talaka ya duba ba sai ya biya kuɗin mota ba. Da na'urorin yau aikin ba shi da tsada. Na biyu, gwamnati ta nemi kwafin abin da ke Dakar da Aix. Na uku, a ɗauki muryar dattawa, da maroƙa, da makaɗan fada, da tsofaffin mata, domin su ne suka san wace ƴa aka aurar a wane gida. Cibiyar CELHTO ta Yamai tun 1968 take wannan aiki, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH kuma, wanda Bubu Hama ya aza harsashinsa, ya san yadda ake adana takardun malamai. A koyi hanya a wurinsu. Na huɗu, alhazai, ku da kuka gina masallatai da makarantu, ku gina ɗaki guda mai rufin ƙwarai da akwatunan ƙarfe. Takardun ciniki da wasiƙun ajami na iyayenku fatake, kada a zubar. Su ma tarihi ne.

Sharaɗi ɗaya ne: a buɗe wa kowa. Takardar da mutum ɗaya ya ɓoye a aljihu makami ce a ranar zaɓen sarki. Wadda kowa ya karanta, aka gwada ta da bakin dattawa tun babu rigima, ita ce ke kashe wuta. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, sun kuma ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.