Bindiga a Ƙofar Masallaci: Addini da Haƙƙin Talaka a Kudancin Katsina



Ƙasar Funtuwa da Malumfashi da auduga da masara aka san ta, kafin ƙarar bindiga ta rufe wannan suna, har ta kai masallaci ma bai tsira ba. A watan Disamba na 2022 'yan bindiga suka faɗa wa masallacin Maigamji, cikin ƙasar Funtuwa, ana sallar lisha, suka kora masallata daji. Ran 19 ga Agusta 2025 kuwa, a Unguwar Mantau ta Malumfashi, sallar asuba ake yi aka buɗe wa sahu wuta. To, wace amsa addini ya bayar?

Alƙunutu dai an yi, an sauke Alƙur'ani, kuma ba mai raina wannan. Inda kan malamai ya rabu shi ne batun sulhu. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan daji a 2016, ya sake yi a 2019, duka biyun suka warware. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Da shekara ta kewayo Shaihu Ahmad Gumi ya shiga dazuzzukan Zamfara yana wa'azi, yana kira a yi afuwa, wasu malamai kuwa suka ce atafau.

Abin mamaki shi ne, wannan mas'ala tana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da almajiran ƙasar nan suke karantawa a zaure. Hukuncin ɗan fashi da ya zo da tuba tun kafin a kama shi, bisa aya ta 34 ta Suratul Ma'ida, shi ne a ɗauke masa haddi, watau haƙƙin Allah. Amma fa haƙƙin mutane, na jini da na dukiya, yana nan a wuyansa. Ke nan fiƙihun Malikiyya bai rufe ƙofar tuba ba, bai kuma ba gwamna ko hakimi ikon yafe jinin wani ba. Shanun manomin Faskari da kuɗin fansar da ya sayar da gona ya biya, bashi ne. Wanda yake zaton maganar haƙƙin ɗan Adam daga Turai aka kawo ta, sai ya duba wannan babi.

Ma'aunin nan kuwa ba gefe ɗaya yake aunawa ba. Bafulatanin da 'yan sa-kai suka kashe a hanyar kasuwa ba tare da shari'a ba, shi ma jininsa abin tambaya ne. Masari ya ce wa jama'a a 2021 su nemi makami su kare kansu, kuma lalle addini ya halatta kare kai. Sai dai gwamnatin jiha da kanta ta ce harin Unguwar Mantau ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa 'yan bindiga.

A 2025 an sake zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari. Tubar da Risala take nufi ta wanda ya ajiye makami ce. Waɗanda suka zo zaman nan kuwa da bindigoginsu a kafaɗa suka zo, da su kuma suka koma daji.