Farautar Akwati: Mu San Sakkwato da Ƙafafunmu



Muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin mu yi magana a kan wani wasa. Mun sani sarai akwai masu cewa a ransu, ashe duk matsalolin da suka dami ɗalibi, na kuɗin makaranta da na abinci da na wurin kwana, ba a sami abin tattaunawa ba sai wasa? To, a yi mana haƙuri a saurara har ƙarshe, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa shi ne, wani dare muna hira a ɗakin kwana mu shida, sai ɗayanmu ya ce a lissafa masa ƙofofin birnin Sakkwato guda 8. Aka yi ta kame-kame, har aka tashi babu wanda ya wuce biyar, alhali kuwa a cikinmu akwai waɗanda aka yanke wa cibiya a garin nan. Da gari ya waye muka bincika, muka samo su: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jodi, Ƙofar Kade, Ƙofar Dundaye da Ƙofar Kware. Kunya ta kama mu ƙwarai, domin kowanenmu yana iya rubuta wa malami shafi goma a kan jihadin 1804, amma da za a ajiye shi a Kanwuri a ce ya taka da ƙafa zuwa Maƙera Assada, sai ya nemi ɗan jagora. Ɗalibin yau iyakarsa daga Dundaye zuwa kasuwa a cikin mota, daga kasuwa kuma ya koma Dundaye. Muna cikin neman maganin wannan jahilci namu ne muka ci karo da labarin wasan da muka raɗa wa suna farautar akwati.

Asalin wasan nan a ƙasar Ingila yake, a wani daji mai duwatsu da fadamu da hazo wanda ake kira Dartmoor, a kudu maso yammacin ƙasar, mai faɗin murabba'in mil 368. A shekarar 1854, wani ɗan jagora mai suna James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a bakin wani tafki mai wuyar zuwa da ake ce wa Cranmere, domin duk baƙon da ya jure wahalar tafiya ya isa wurin ya saka takardar sunansa a ciki, ta zama shaida. Daga baya aka musanya kwalbar da gwangwani, aka kuma ajiye littafin baƙi. Sai matafiya suka ɗauki al'adar barin wasiƙa mai ɗauke da adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Dalilin da ya sa ke nan Turawan suke kiran abin da suna mai ma'anar akwatin wasiƙa. A 1938 aka kafa wani akwatin a wurin da ake kira Duck's Pool don tunawa da William Crossing, marubucin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen bayanin dajin. Har zuwa 1976 akwatunan da aka sani guda 15 ne kacal, amma da aka buga taswirarsu a wannan shekara sai abin ya bunƙasa, har suka kai dubbai. A 1998 mujallar Smithsonian ta buga labarin wasan, Amurkawa suka karɓe shi hannu biyu-biyu, a shekarar 2000 kuma aka ƙago ɗan'uwansa wanda ake yi da na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam tana nuna wa mutum inda yake.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Mutum zai sami ɗan akwati wanda ruwa ba ya shiga, ya saka ƙaramin littafi da hatimin roba wanda ya sassaƙa da zanen da ya dace da wurin, ya ɓoye shi, kana ya rubuta kwatance mai kama da kacici-kacici ya ba abokai. Mai nema kuma yana da nasa littafin, da nasa hatimin, da tawada. In ya warware kwatancen ya gano akwatin, sai ya buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin, ya rubuta kwanan wata, ya mayar da kome yadda ya same shi. Ba a cin kuɗi, ba a ɗauke kome. Ribar mutum ita ce tafiyar da ya yi da abin da idonsa ya gane masa a hanya.

Da muka karanta wannan, sai ɗoki ya ɗebe mu, muka ce mu ma bari mu gwada. Muka sami gwangwanin madara, muka biya wani mai sassaƙa hatimi ya yi mana guda, muka je wata shiyya a cikin tsohon gari da yamma, muka tura gwangwanin a gindin wani dogonyaro, muka danne da duwatsu. Ashe wani yaro yana kallonmu. Washegari da abokanmu suka bi kwatance suka isa, sai suka tarar da taron jama'a an kewaye itacen, babu mai son ya taɓa abin. Wasu suna cewa asiri ne aka binne wa wani, wasu suna cewa a kira 'yan sanda kada ya zama abin fashewa. Aka tisa ƙeyarsu zuwa zauren mai unguwa, mu ma aka aika muka zo jiki yana rawa. Dattijon ya sa aka buɗe gwangwanin a gabansa, ya jujjuya littafin, ya saurari bayaninmu har muka gama. Sa'an nan ya ce, "Samari, ku da kuke da karatu, ba ku san abin da ake nufi ba in an ga mutum yana binne abu a gindin itace da almuru? Da kun kawo mini shi na ajiye muku a nan zaure, wanda ya zo ya yi sallama in ba shi, ai da ba a yi haka ba." Muka ce, "Baba, mun yi kuskure, a gafarce mu." Ya yi dariya, ya ce mu bar gwangwanin a wurinsa.

Jama'a, a zauren nan muka fahimci inda muka ɓata. Mun ɗauko wasan dajin da babu kowa cikinsa sai tumaki da dawaki, mun dasa shi a tsakiyar garin da kowane lungu yake da mai shi, kowace inuwa take da masu zama. Laifinmu ne, kuma mutanen shiyyar suna da gaskiya da suka tsorata. Amma dattijon ya ba mu abin da ya fi wanda muka zo da shi. A ƙasar Hausa ajiya a hannun mutum ake ba da ita, tun zamanin fatake da mahajjata masu tafiya a ƙasa. Saboda haka shawarar da muka kawo muku yau ita ce, a Sakkwato kowane akwati ya kasance amana a hannun wani: maƙeri, ko baduku a Madunka, ko majemi, ko mai shayi, ko mai unguwa. Kwatance ya kai mai nema har ƙofar mutumin, amma ba za a miƙa masa akwati ba sai ya yi sallama, ya gaisa, ya kuma yi tambaya guda a kan sana'ar ko tarihin wurin, ya rubuta amsar a littafi. Misali, ana iya rubuta cewa: ka tashi daga ƙofar da ke amsa sunan wanda ya gaji Sarkin Musulmi Bello a 1837, ka nemi shiyyar da guduma take riga zakara tashi, ka tambayi mai zuga-zugi sunayen kayan aikinsa guda biyar. Wanda ya yi haka sau goma, lalle ya san garin nan fiye da wanda ya shekara huɗu yana leƙensa ta tagar mota.

Wuraren zuwa kuwa ba su ƙirguwa. A cikin gari akwai ƙofofin nan 8 na birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, da Masallacin Shehu, da Masallacin Bello, da Hubbare inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun rasuwarsa a 1817, da Giginya inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya tari rundunar Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, da gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu. Ga mai son tafiyar yini guda, akwai Sifawa ta wajen Boɗinga, inda Shehu ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815, akwai tafkin Kware, akwai magamar gulbin Rima da na Sakkwato. 'Yan'uwanmu masu karatun kimiyya kada su ce abin na 'yan tarihi ne kaɗai, domin a cikin farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, ana samun ɓawon halittun teku da suka zama dutse, shaidar cewa miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya rufe inda muke zaune yanzu. Har akwai wata dabbar ruwa ta wancan zamani da masana suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, don a yankin Goronyo aka tono ƙasusuwanta.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya komai ɗacinta. Wuraren da ranmu ya fi so mu kai akwati su ne waɗanda aka yi manyan al'amura a cikinsu: Degel, da Gudu inda Shehu ya yi hijira a watan Fabrairu na 1804, da Tafkin Kwatto inda aka gwabza a watan Yuni na shekarar, da kufan Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, da Wurno inda kabarin Bello yake. Amma tun daga 2018 hare-haren 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar nan, kuma babu wanda ya manta da rayukan da aka rasa a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. A 2024 kuma aka yi ta jin labarin masu ɗauke da makamai a yankin Gudu da Tangaza. Ba mu yarda kowa ya sayar da ransa don tawadar hatimi ba. Mutanen Dartmoor ma, da yake tafkin Cranmere yana cikin filin da sojoji suke koyon harbi, sai sun duba ranakun harbi kafin su fita. Mu ma kada a fita bayan gari sai an tambayi hukuma da mutanen wurin, an kuma bar sunayen matafiya da lokacin dawowarsu a ofishin ƙungiya. Inda aka ce kada a je, to, a haƙura, a fara da cikin gari, a ci gaba da roƙon Allah Ya kawo ranar da ɗalibi zai tashi da asuba ya je Alkalawa ya dawo kafin magariba ba tare da fargaba ba.

Akwai kuma waɗansu ƙa'idoji da muke so a riƙe. Kada a kai akwati cikin masallaci, ko maƙabarta, ko Hubbare, domin wuraren ibada ne da ziyara. A bar shi a hannun wani maƙwabci. Kada a haƙa rami, kada a ɓanɓare ko da ɗan ƙiris daga tsohon gini. Kada a shiga gona ko gida sai da izini. A yi fita a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a tashi da sanyin safiya da gorar ruwa da malfa, gama zafin bazarar Sakkwato ya kan wuce digiri 40, ba ya kuma jin magiya. 'Yan'uwanmu mata su haɗa nasu ayarin, domin akwai akwatunan da su kaɗai za su iya kai wa, watau waɗanda za a bari a cikin gida a hannun iyayenmu mata. Suna da abin koyi ga jajin Nana Asma'u, waɗanda suka riƙa jagorancin ayarin mata daga ƙauyuka da ƙafa don neman ilmi. A ƙarshe, duk wanda ya je kada ya tafi hannu rabbana. Ko goro ne ya riƙa wa mai ajiya.

Ga yayyenmu ma'aikata muna da magana ta musamman, domin kujerun da kuke kai yau su ne muke fatan hawa gobe. Ta teburinku ake bi da takardar yanka fili, da ta faɗaɗa titi, da ta rushe gini. Ganuwar birnin nan ta tafi, sunayen ƙofofi ne suka rage mana. Ma'aikacin da bai taɓa taka wuri ba, sa hannu a kan takardar rushe shi ba ya yi masa nauyi. Wanda kuwa ya taɓa zama a zauren, ya sha ruwan gidan, ya rubuta sunansa a littafin da ke can, zai tsaya ya yi tambaya kafin ya ɗauki alƙalami. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tafiya mabuɗin ilmi ce.

Abin da muke roƙon wannan ƙungiya bai taka kara ya karya ba: gwangwanaye 8, da littattafai 8, da hatimai 8, ɗaya ga kowace ƙofa, da wasiƙar neman izini zuwa ga masu unguwanni. Wanda ya cika hatiman nan duka kafin ƙarshen zangon karatu, a buga sunansa a wannan mujalla tamu. Littattafan kuma in sun cika a kai su ɗakin karatu a adana, domin amsoshin da dattawa suka bayar za su yi wa na bayanmu amfani ranar da masu ba da su ba sa nan. Akwati na farko yana nan a zauren dattijon da muka ba ku labari, kwatancensa kuma yana hannunmu ga duk mai so a bakin ƙofa in an tashi.

 Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ilmi mai amfani.