Jawabi Ga 'Yan Kasuwarmu Na Kudu Kan Tambarin Kayan Gini

'Yan'uwa mazauna Ikko, da Badun, da Anaca, da Fatakwal, maganata yau a kan tambarin da kuke gani jikin buhun siminti, da kwanon rufi, da gwangwanin fenti ce.

Tambarin nan dukiya ce. Bisa dokar alamun ciniki ta 1965, kamfanin da ya yi rajistar alamarsa shi kaɗai ke da ikon amfani da ita a kan irin wannan kaya, na shekara 7 da fari, sa'an nan ya riƙa sabuntawa duk shekara 14. Zanen jikin buhu ko gwangwani kuwa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 na iya kāre shi. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki.

To, ina ruwan ƙaramin ɗan kasuwa da rigimar manyan kamfanoni? Ruwa da tsaki. Masu jabu sukan tara tsofaffin buhunan siminti, su sake cika su, wani lokaci da gaurayen yashi, ko su rage nauyi daga kilo 50 da aka sani. Wasu ba su kwaikwayi sunan daidai ba, sai su sāke harafi ɗaya, su bar launi da zane yadda mai saye zai ruɗe. Wannan ma doka ta hana, domin abin da alƙali ke dubawa shi ne ko kamannin za su yaudari mai saye.

Idan kamfani ya kai ƙara, kotu na iya ba da izinin a shiga shago ba da sanarwa ba, a bincika, a kwashe kayan. Mai jabun yana can ɓoye. Kai da ke da rumfa a bakin titi, kai za a tarar. Cewa ba ka sani ba ba za ta hana a tsayar da cinikin ba, kuma jarinka ya tafi. Abin takaici, galibinmu ciniki muke yi da baki, bisa amana, babu takarda.

Saboda haka lalle ne ku karɓi rasit mai sunan dila da adireshinsa, ku duba shaidar Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971 don kula da ingancin kaya. Wanda ya kawo muku siminti ƙasa da farashin kamfani, ku tambaye shi inda ya samo, a gaban shugaban kasuwa.