Wane Ne Sa'anka? Jawabi a Walimar 'Ya'yan Kwarbai da Suka Kammala Jami'ar Ahmadu Bello

 

Mai girma wakilin hakimi, ranka ya daɗe. Mai unguwa, Allah ya ƙara girma. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke can rumfar baya, waɗanda in za a bi gaskiya su ne masu wannan biki, sannunku da ɗawainiya. 'Ya'yana da kuka kammala karatu, da ƙannenku da suka cika bakin zaure suna leƙe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi minti goma. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a ajina ba, amma zan kamanta.

Abu biyu suka tara mu yau. Na farko, mu taya waɗannan yara murnar kammala Jami'ar Ahmadu Bello. Na biyu, mu ƙaddamar da ɗan asusun da matasan unguwa suka kafa, wanda zai riƙa biya wa ƙannensu kuɗin jarrabawar shiga jami'a, ya kuma saya musu takalman gudu da ƙwallo. Shekaranjiya bayan la'asar wani yayana ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, kuɗin jarrabawa na gane, amma ƙwallo fa? Me ya haɗa kifi da kaska?" Na ce masa, "Yaya, ka zo walima, a can zan ba ka amsa." Ga shi kuwa na hango shi ya zo, har ya kama kujerar gaba.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san ba a tsayar da mutum sai da sa'ansa. Kafin a ɗaure hannu an riga an auna. A zamanin ɗan dambe Shago, wanda duk aka yarda ya tsaya gabansa, ko da ya sha ƙasa, ya koma gida da suna, don 'yan kallo sun fahimci cewa an ɗauke shi a bakin wani abu. Makarantu ma haka suke. In kana son sanin matsayin jami'a, kafin ka buɗe takardunta, tambayi su wa take karawa da su a fili.

An buɗe jami'armu ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello na uban jami'a, Norman Alexander, mutumin New Zealand, na shugabanta na farko. A lokacin jami'o'in Nijeriya duka ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba: Ibadan da ta girme su tun 1948, Nsukka ta 1960, sai Ife da Legas da Zariya. Waɗannan biyar su suka haɗu suka kafa ƙungiyar wasannin jami'o'in Nijeriya, wadda kowa ya fi sani da NUGA, aka yi gasar farko a Ibadan a 1966. Ku dubi shekarar da kyau. A cikinta aka kashe Sardauna, ranar 15 ga Janairu. A cikinta Dokta Ishaya Audu ya karɓi shugabancin jami'a, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Shekara ta zagayo yaƙin basasa ya ɓarke, bai lafa ba sai Janairun 1970. Ƙasa na neman darewa, amma ɗaliban Zariya suna hawa mota su nausa kudu don su yi tsere da 'ya'yan mutanen da ake ce musu abokan gaba ne. Da yaƙi ya ƙare kuma, ɗaliban Nsukka suka dawo fili aka ci gaba. A duk faɗin Arewa, Zariya kaɗai ce a wannan sahu. Wanda ya ga tutarmu tsakanin waɗancan huɗu ya san Arewa ta sami jami'ar da za ta zauna tabarma ɗaya da Ibadan.

Wannan al'ada ba mu muka fara ta ba. A Amurka akwai jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, ciki har da Harvard da Yale da Princeton. Yau in an ambaci sunan, abin da ke zuwa ran mutum shi ne zurfin ilimi da tsadar shiga. To asalinsa ƙungiyar wasanni ce kawai, wadda aka tabbatar da ita a 1954. Makarantu ne da suka ga sun yi tsara, suka ce mu riƙa buga wasa a tsakaninmu, suka kuma sharɗanta wa juna cewa ba za a ba ɗalibi tallafin karatu don iya wasansa kaɗai ba. Sunan fili ya bi su har cikin aji. Akwai kuma Jami'ar Chicago, wadda ta yi akasin haka. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Big Ten a 1896, amma shugabanta Robert Hutchins ya ga ƙwallo na neman cinye karatu, ya soke ta a 1939, jami'ar ta fice daga ƙungiyar a 1946. Abin mamaki, da jami'o'in Big Ten suka kafa haɗakar bincike da musayar littattafai a 1958, sai da suka jawo Chicago ciki. An rabu a fili, zumuncin da fili ya ƙulla bai yanke ba.

Ni kaina na ɗanɗana wannan zumunci. Ina aji biyu aka zaɓe ni cikin masu gudun dogon zango. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce shi karatu ya tura ni Samaru, ba tsere da 'yan iska ba. Sai da malamin da ya yi mini saukar Alƙur'ani ya taka har zaurenmu, ya tuna masa cewa Manzon Allah da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, sannan ya sassauta, da sharaɗin in na faɗi jarrabawa ko ɗaya, in rataye takalmin. Muka yi kwana da yini a mota zuwa kudu. Kada ku tambaye ni na nawa na zo. Mutum ɗaya na wuce, shi ma jijiya ce ta riƙe shi. Amma wannan da na wuce ɗin, wani Bayarabe mai karatun tarihi, shi ne daga baya ya riƙa aiko mini da kwafin takardun da babu su a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu. Har ya rasu muna gaisawa. Lambar zinariya ban samo ba, amma da wannan tafiya na gama kundina.

Yanzu zamani ya juya. Jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, na tarayya da na jihohi da masu zaman kansu. Zama ɗan NUGA ya daina zama abin tinƙaho, tunda ƙofa a buɗe take ga kowa. Wasu daga cikin waɗanda muke karawa da su ma mu muka haife su. Jami'ar Bayero ta Kano kwalejinmu ce kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci ta zauna ƙarƙashinmu daga 1984 zuwa 1988. Mun karɓi baƙuncin gasar NUGA a Samaru a 2001, da yawa a nan sun je kallo. Amma a 'yan shekarun nan, in aka ƙirga lambobi, Jami'ar Fatakwal ta sha ɗaukar na ɗaya, har da gasar Legas ta 2022. Ba tsafi suka yi ba. Sun gina wuraren motsa jiki, sun riƙe masu horarwa, sun kuma gane cewa a tafkin iyo kaɗai akwai lambobi masu yawa da ɗalibi guda zai iya kwasowa. Mu kuwa yaronmu in ya iya iyo, a kududdufi ya koya, kuma da bulala aka raka shi gida.

Inda muka yi fice, mun yi ne don wani ya zauna ya yi haƙuri. Ƙwallon kwando a Samaru ba za a yi maganarta ba a ambaci Oliver Johnson ba, Ba'amurken da ya share shekaru yana horar da yara a filin jami'a. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a nan Zariya, ya je ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019. Duniya ta ji sunan Zariya a bakinsa. Sai dai ku tambayi kanku, a duk tsawon shekarun nan, yara nawa ne daga cikin ganuwa suka taka wannan fili? Daga Ƙofar Doka ka bi Tudun Wada, ka ratsa Kwangila, ka isa Samaru, ba tafiyar da za ta gagari ɗan Kwarbai ba ce. 'Ya'yan baƙi sun zo daga Legas da Binuwai sun ci moriyar filin, mu masu gari muna ganin abin na wasu ne.

Akwai wata cuta da ya kamata in ambata, ko da ba ta da daɗin ji a wurin walima. A wasannin makarantu, tun daga firamare, akan sami masu ɗauko sojan haya: a nemo ƙato daga wata ƙungiya a gari, a buga masa katin ɗalibi, ya ci kofi, a sallame shi. Na taɓa ganin an yi haka a wata makaranta da na koyar, ba zan faɗi sunanta ba. Yaron da aka cire don a sa ƙaton bai sake zuwa fili ba, ni kuma da na yi shiru ranar, har yau abin na ci mini rai. Shi ya sa ake tantance 'yan wasa kafin gasar jami'o'i, kamar yadda hukumar kula da jami'o'i ta NUC ke zuwa tantance kwasa-kwasai. Hannun da ya buga katin bogi don kofi, shi ne zai ari malamai da kayan ɗakin gwaje-gwaje ranar da masu tantancewa za su zo, ya mayar da su washegari.

Game da matsayinmu a karatu kuwa, kowace shekara jaridar Times Higher Education ta Ingila takan fitar da jerin jami'o'in duniya, 'yan boko su yi ta musu a Facebook. Wata shekara a gan mu a sahun gaba na Nijeriya, wata shekara a ga Bayero, 'yar cikinmu, ta sha gabanmu. Ba na raina wannan ma'auni. Yana duba yawan bincike, da yadda masana a wasu ƙasashe ke kafa hujja da rubutun malamanmu, da yawan ɗalibai a kan kowane malami, kuma a nan muna da rauni na gaske. Jami'ar da aka rufe wata takwas a 2022 saboda yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba za ta yi kukan an zalunce ta a lissafi ba. Waɗannan yara da ke zaune gabanku sun san zafin abin, don a jikinsu ya ƙare. Amma akwai abin da jerin ba ya gani. Manomin da ke cikin taron nan, in ya shuka masara SAMMAZ ko wake SAMPEA, to harufa ukun farko Samaru suke nufi, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona suka fito. Waken nan da ke jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka fitar a 2019, aikin malamanmu ne. Asibitin koyarwa na Shika kuwa, da wuya a sami gida a unguwar nan da bai taɓa kwana a barandarsa ba. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan ya yi digiri, Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, a nan ya karanta shari'a.

'Ya'yana, nan da 'yan watanni za a watsa ku bautar ƙasa. A sansani za a tsayar da ku layi ɗaya da ɗan Ibadan da ɗan Nsukka da ɗan jami'ar da aka buɗe kuna sakandare. Ba wanda zai tambaye ku shekarar da aka kafa makarantarku. Za a miƙo muku alli, ko fayil, ko majinyaci, a tsaya a gani. Ku 'yan mata kuma, na lura kun kusa yawan mazan a bencin nan, abin da a zamaninmu ko a mafarki ba mu gani ba. Ina roƙon masu riƙe da asusu kada su manta ƙannenku mata suna da ƙafafu, kuma akwai kayan wasa na mutunci da za su sa iyaye su kwantar da hankali.

Sharaɗi ɗaya na roƙa a rubuta a littafin asusun, kuma an rubuta: duk yaron da zai karɓi takalmi sai ya kawo sakamakon jarrabawarsa na zangon da ya wuce, ma'aji ya gani da idonsa. Sharaɗin mahaifina ne, na ara.

Yaya, ina fata ka sami amsarka. In ba ta gamsar da kai ba, faranti na nan zuwa gabanka, kuma daga kujerar gaba za a fara.

Da izinin wakilin hakimi, da albarkar malamanmu, na ƙaddamar da wannan asusu da sunan Allah. Allah ya sa albarka a karatun yaran nan, ya saka wa iyayensu, ya jiƙan waɗanda suka biya kuɗin makaranta ba su ga wannan rana ba. Liman, bismillah, a rufe mana da addu'a.