Kubbar Babbar Kotun Burusal da Gyaran da Ya Ƙi Ƙarewa



Mun zaɓi mu kai ku birnin Burusal na ƙasar Beljiyam, domin a can akwai wata kotu da ta ishi duk mai riƙon tsohon gini abin lura. An aza harsashinta a 1866, aka buɗe ta a 1883. Mai zanen ginin, Joseph Poelaert, ya rasu a 1879, bai ga ƙarshen aikinsa ba. Bisa ginin kuwa kubba ce ta jan ƙarfe, wadda ake hangowa daga nesa.

A watan Satumba na 1944, sojojin Jamus da ke janyewa suka cinna wa kotun wuta, kubbar ta rufta. Duk da ƙasar ta fito daga yaƙi a jigace, cikin 'yan shekaru aka sake ɗora ta, har ta ɗara ta farko tsawo da mita biyu da rabi.

Abin da wuta ta kasa, sakaci ya kusa yi. Rufin ƙarfe ba ya faɗuwa rana ɗaya. Ruwa kan sami 'yar kafa a mahaɗar falle da falle, ya tsiyaya kan ƙarfen da ke riƙe da dutse. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai dutsen ya tsage. Mu da muka shekara muna tarar yoyo da bokiti a ajujuwa, mun san wannan ciwo sarai.

A 1984 aka kewaye ginin da ƙarafan da magina ke takawa su hau. A farkon shekarun 2000 aka gyara kubbar, aka shafa wa adonta ruwan zinariya, amma bangon da ke ƙarƙashinta ya ci gaba da jira. A ganinmu an sa wa mara lafiya sabuwar hula ne kawai. Ƙarafan suka daɗe har su ma suka tsufa, sai da aka kashe kuɗi aka gyara su kafin ma'aikata su iya hawa. Yaran da aka haifa shekarar da aka kafa su sun yi aure sun haihu ba su taɓa ganin fuskar kotun a buɗe ba. Sai a 2023 aka kama gyaran bangon gaba gadan-gadan.