Daren Shiga Shekara ta 2000: Abin da Makiyayi da Ɗan Kasuwa Za Su Yi

 

Kwanakin nan duk inda aka zauna zance ɗaya ake yi, wai ranar Juma'a 31 ga Disamba 1999, da ƙarfe 12 na dare, kwamfutocin duniya za su rikice, kuɗin banki su ɓace. To, bari mu warware maganar.

Tun can da, masu tsara kwamfuta sun riƙa rubuta shekara da lamba biyu kawai don tattalin wuri. Maimakon 1999, sai 99. Yanzu idan 2000 ta shigo, tsohuwar na'ura za ta ga 00, tana iya ɗauka 1900 ce. Wanda ya ajiye kuɗi a 98, in ta zo lissafa shekarun ajiyarsa sai lissafin ya birkice. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira Y2K. Ƙasashe da manyan kamfanoni sun daɗe suna gyara, amma sai daren ya wuce za a san wanda gyaransa ya yi.

Wani zai ce, “Ni da sandata da shanuna, ina ruwana da kwamfuta?” Gaskiya ne, Ardo, saniya ba ta san kwanan wata ba. Amma banki yana aiki da na'ura, haka gidan waya da filin jirgin sama. Wutar da ake kawo mana daga madatsar Lagdo ita ke riƙe firij, kuma allurar rigakafin dabbobi ta LANAVET sanyi take so. Saboda haka a yi wa garke allura tun yanzu, kada a jira ƙarshen wata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai ajiya a banki ya je kafin ranar ya karɓi takardar da ke nuna abin da yake da shi, da hatimi da sa hannu. Rasidin duwan ko na kwastan, da takardun dabbobi, a haɗa su cikin leda a adana. Bashin da ke tsakaninka da abokin ciniki, na sefa ne ko na naira, a rubuta shi a littafi gaban shaidu biyu. A gida kuma a tanadi ruwa, kananzir da batirin rediyo na kwana uku.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Kada tsoro ya sa ka kwashe dukiyarka daga banki ka ɗaura a ƙugu. Zargina ma suna jin wannan labari, kuma sun san hanyar Adumri ranar Alhamis da ta Pitowa ranar Lahadi. Kuskuren na'ura ana gyara shi da takarda, amma wanda aka tare a daji, kuɗi sun tafi, wani lokaci har da rai. Ka ɗebi na cefane da na kayan Sallah, ka bar sauran. Duk wanda ya zo ya ce kuɗi za su mutu, ka sayar masa da bijimi a rabin farashi, ko ya canza maka sefa da araha, mayaudari ne. Takardar naira 100 da Najeriya ta fitar a Disamba 1999 kuwa, mai hoton Awolowo, a duba ta da kyau kafin a karɓa.

Abu na ƙarshe: ƙasar Niyu Zilan tana gabanmu da awa 12. Ƙarfe 12 na ranar Juma'a a nan, su sun shiga sabuwar shekara. Ke nan kafin a sauko daga masallaci za mu ji yadda ta kaya musu. Ku bar rediyo a kunne, za mu kawo muku labari.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya kai mu Sallah lafiya.